Yadda Na Kayar da Rikoda a Aji Biyar

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare kusa da Burumburum, ba ni da takardar malanta. Sakandare kawai na gama aka ɗauke ni na wucin gadi, hedimasta kuwa bai taɓa barina na manta da haka ba. Ni ke koyar da Turanci a aji biyar, da ɗan abin da Allah ya hore mini.

Ana nan sai ga wata malama daga kwalejin horon malamai, da rikoda a jaka da kaset-kaset. Bincike take yi, wai tana so ta gano wa ya fi gyara bakin yara tsakanin na'ura da malami. Ta raba ajina biyu. Rabi za su riƙa bin muryar wata Baturiya a kaset tana karanta darasi kan dashen itatuwa da tsabtar ruwan sha, rabi kuma su bi ni. Bayan wata biyu za ta dawo ta gwada su.

Hedimasta ya shafa rikodar ya ce, "Malam, in wannan ta iya, ka ga ita ba ta ciwon kai, ba ta zuwa biki." Ya yi dariya. Ni ban yi ba, don da aikin nan nake riƙe da mahaifiyata.

Abin daɗin shi ne, ni aka ɗora wa kunna abokiyar takarar tawa. Malamar ta bar mana kwalin batir, amma hedimasta yana da rediyo, kuma mutum ne mai son sanin halin da duniya ke ciki. Kafin sati biyu kwalin ya yi wayam. Muka koma dabarar da kowa ke yi a garin: a shanya batir a rana, a ɗan ƙwanƙwasa shi da dutse, a mayar. Wanda ya mutu murus yara su fasa, mu shafe allo da baƙar hodar da ke ciki, ɓawon kuma a watsar bayan rijiya, daidai inda Baturiyar ke gargaɗin kada a zubar da shara.

Da batir ya yi sanyi sai muryarta ta yi kauri, tana jan kowace kalma kamar wadda aka tasa daga barci. Na san ba haka ake faɗa ba. Wasiƙa ɗaya zan ba wani direba a Kwanar Dangora ya kai wa malamar, magana ta ƙare. Ban rubuta ba. Kullum sai in danna rikodar, in koma gindin ɗorawa wurin nawa rabin, raina fes.

A rabin rikoda akwai wata yarinya daga rugar bayan gari, wadda ta fi kowa kunne. Duk abin da ta ji sai ta mayar da shi tsaf, har da kaurin muryar. Ta taɓa tambayata, "Malam, haka Turawa suke magana?"

Na ce, "Ke dai ki bi abin da kika ji."

Ranar gwaji hedimasta ya ce a fara da ita, don ita ce gwanar ajin. Ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta jero darasin itatuwa daga farko har ƙarshe, babu kuskuren kalma ko ɗaya, amma da muryar batirin da ya sha rana. Aji ya kwashe da dariya, 'yan rabina sun fi kowa. Malamar ma sai da ta kare bakinta da takarda. Yarinyar ta juyo ta dube ni, ni kuwa na shiga gyara alli a tebur.

Sakamako ya fito, malami ya fi na'ura. Hedimasta ya ba ni hannu a gaban kowa, aikina ya zauna.

Yarinyar ba ta daina zuwa makaranta ba, amma ba ta ƙara buɗe baki da Turanci ba. Har ta gama aji shida, inda nan ma ni na koyar da su, in na ce ta karanta sai ta sunkuyar da kai. Kunyar abin tana tare da ni har yau. Malamar ta aiko mana da kofen bincikenta, kuma a ciki ta yaba mini ƙwarai, ta ce irin kulawar da nake yi wa ɗalibaina babu na'urar da za ta iya.