Gurjin Inna da Randar Kaka

Tun ina da cikin Ummi nake tsoron nonona. Ban gaya wa mijina ba, ban gaya wa ungozoma ba. Idan na zauna ni kaɗai sai in riƙa juya tafin hannuna ina kallo, ina cewa ko dai nawa ma irin na Inna ne. Wadda ta saka mini wannan tsoro kuwa ba baƙuwa ba ce. Kakata ce, uwar babana, Kaka Tasalla, kuma da tatsuniya ta saka mini shi.

A Gagarawa na tashi, farkon shekarun 1990. Lokacin kananzir ya yi wuya, fitila sai ranar da aka yi baƙi. Da an idar da magariba an ci tuwo, mu yaran gida sai mu kewaye murhun Kaka. Tana tura kara cikin wuta da ƙafa, hasken yana lasar rabin fuskarta. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta iya labari. In ta yi muryar kura sai ka waiwaya bayanka. Amma ba don dariya take bayarwa ba. Duk wanda ya ɓata mata rai da rana, da yamma zai tsinci kansa a ciki, an sa masa jela ko ƙaho.

Wadda ta fi shiga ita ce Inna, mahaifiyata. 'Yar Maigatari ce. Baba ya gan ta can da ya kai awaki kasuwa, ya auro ta ba da son Kaka ba. Bayana ta haifi biyu, duk suka koma. Daga nan Kaka ta daina kiran sunanta, sai dai "ke 'yar bakin iyaka".

Akwai maƙwabciyarmu, Maman Ladi, Kirista ce daga wajen Jos, mijinta na aiki a sakatariya. A bayan ɗakinta tana shuka wani irin gurji, ita kokwamba take ce masa. Ba ya yaɗo sosai kamar namu, a dunƙule yake tsayawa, 'ya'yansa kuma ba su wuce yatsa ba. Takan jera su a kwalba da ruwan gishiri da lemun tsami da tafarnuwa, su kwana biyu su yi ɗanɗano, ka tauna ka ji ƙarass. Wata rana ta ƙulle wa Inna iri a ƙyalle.

"Ki jiƙa su kwana ɗaya," ta ce. "Ki tura da yatsa, kada ya yi zurfi. Toka kaɗan saboda ƙwari. Shi ke nan, Maman Hadiza, za ki ci ki ba ni." Da sunana take kiran Inna.

Inna ta samo fasasshiyar kwatarniya, ta cika da ƙasa da busasshen kashin awaki, ta shuka. Da suka fito, ganye bibbiyu kamar kunnen ɓera, na ga Inna ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba.

To amma ruwa. Rijiyar unguwarmu zurfi gare ta, kuma duk abin da aka ɗebo a randar Kaka ake juye shi, cikin ɗakinta. Haka tsarin gidan yake. Ba mai ɗaga faifan randar sai ita, moɗar ma a ƙarƙashin gadonta take kwana. Ita da ta girma a gidan masu lambu, da ta ga kwatarniyar sai ta taɓe baki.

"Ruwan da mutane za su sha ne za a ba ciyawa?"

Inna ta ce, "Iya, ko rabin moɗa ne."

"Ko ɗigo. In uwarki ce ta haƙa rijiyar, je ki ɗebo."

Sai Inna ta koma tara ruwan ɗauraya. Ranar da aka samu ta zuba, ranar da Kaka ta riga ta watsar a tsakar gida, babu. Da rana ganyen ya yi laushi kamar tsumma, da asuba ya ɗan farfaɗo. A haka ya yi fure ruwan ɗorawa, a haka ya fitar da 'ya'ya, wasu a lanƙwashe.

Ranar da Inna ta tsinka, ta wanke, ta durƙusa ta miƙa wa Kaka na farko a faifai. Kaka ta gatsa, ta tofar kusa da ƙafar Inna. Ni ma na ɗanɗana. Ɗaci kamar maɗaci, har maƙogwaro.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta jira magariba.

"Ku matso," ta ce, "yau mai ita tana kusa, a ɗaga murya." Inna na bakin ɗakinta tana tsince wake.

Wai an yi wata mata da ta zo wani gari daga bayan rairayi, kyakkyawa, mai sanyin murya. Garin suna zaune lafiya. Ta dama fura, furar ta yi ɗaci, aka ce geron ne. Ta taɓa guga, rijiya ta yi ɗaci, aka ce ƙasar ce. Ta haifi ɗa, ya kama nono ya saki, ya koma. Ta sake haifa, ya koma. Sai wata tsohuwa mai ido ta ce a ba ta iri ta shuka, domin mutum yana ɓoye halinsa ga mutane amma ƙasa ba ta rufa wa kowa asiri. Ta shuka, abin ya fito da ɗaci. Aka raka ta bakin gari, aka share sawunta da tsintsiya, ruwa ya dawo da daɗinsa.

Wata 'yar baffana ta ce, "Kaka, ba ta bar ɗiya ba?"

Kaka ta dube ni ta saman wuta. "Ta bar ɗaya. Ita sai ranar da ta haihu za a sani." Ta kakkaɓe zaninta. "Ta ƙare. Wadda aka yi da ita ta ji."

Na ji waken Inna yana zuba a faifai ɗaya bayan ɗaya, bai tsaya ba.

Tatsuniyar ba ta kwana a gidanmu ba. Yara suka kai ta bakin rijiya. Mata suka daina karɓar ƙullin gishiri daga hannun Inna. Baba kuwa dama gaban Kaka ba ya da baki. Kafin damina ta faɗi aka sa kayan Inna a motar Maigatari. Ni aka ce ɗiyar gida ce, in zauna. Kaka ta farfasa kwatarniyar da taɓarya.

Kafin shekarun nan su ƙare na yi aure a Gumel, na haifi Ummi. Ta zo 'yar ƙarama, mai yawan kuka. Duk sakin nonon da ta yi sai in tuna tatsuniyar Kaka. Na fara ba ta koko a ɓoye ina rage mata mama. Da abin ya ishe ni, na roƙi mijina, direba ne, ya samo mini irin ƙaramin gurjin nan wurin masu lambu. Ya yi dariya ya kawo. Na shuka a tsohon baho kusa da randa, ragowar na zuba a wata tukunya bayan madafi. Na ƙudurta a raina, in ya yi ɗaci, na yaye ta, ko da wata huɗu ne gare ta.

Ana cikin fure zazzaɓi ya kama Ummi, aka kwantar da mu asibiti. Maƙwabciyata ta riƙa shayar da na bahon safe da yamma. Na bayan madafi ba ta ma san da shi ba.

Da muka dawo, na bayan madafin na fara tsinka. Na gatsa. Ɗacin nan ne, shi ɗin dai. Na zauna a ƙasa, Ummi na kuka a bayana tana neman mama, na kasa kwance ta. Ban san me ya kai hannuna bahon ba. Na tsinki ɗaya na tauna. Sanyi, ruwa, har da ɗan zaƙi. Na tsinki wani. Haka. Iri ɗaya, hannu ɗaya, rana ɗaya na shuka su.

A nan na tuna wata ranar kasuwa a Gagarawa, ina riƙe wa Kaka kwando. Ta ɗauki gurji ta latsa da farce, ta mayar wa mai shi. "Malam, wannan ƙishi ya sha. Ɗaci zai yi, riƙe abinka."

Ta sani. Tun ranar da ta hana rabin moɗa ta san abin da za ta tofar, tatsuniyar ma ina jin ta riga ta shirya ta. Yanzu Kaka ta rasu. Mutane suna cewa a yafe wa wanda ya mutu. Ina ƙoƙari. Ban kai ba tukuna.

Na kwance Ummi na ba ta nono har ta yi barci da shi a baki.

Na kai wa Inna kwalba guda Maigatari, da gishiri da lemun tsami yadda Maman Ladi take yi. Ta ci, ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To." Amma har yau in za a sa gishiri a miya sai ta kira wata ta saka mata.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In kin taɓa jin tatsuniyar nan, don na ji ta kai har garin Ɗanzomo, kada ki ba 'ya'yanki. In kuma aka nuna miki wata mata aka ce hannunta ɗaci gare shi, ki karɓi abin da ta miƙo miki, ki ci a gabanta.