Manzo Maɗori da Saiwar Sin

Manzo ya gaji ɗori daga mahaifinsa, a wani ƙauye kusa da Waca. Fiye da shekara talatin yana gyara karaya a zauren gidansa, da karan dawa da tsumma da man shanu. Gajere ne, ba shi da yawan magana, yatsunsa kauri gare su. In aka kawo masa wanda ya karye, yakan rufe ido ya bi ƙashin da babban yatsansa har ya ji inda ya rabu. Doka ɗaya tsohonsa ya kafa masa: in ƙashi ya huda fata ya fito, kada ya taɓa, ya tura asibiti.

Shekarar da ya cika sittin yatsan nan ya fara mutuwa. Da farko kamar kiyashi na yawo a ciki. Daga baya ya ɗauki butar shayi daga kan garwashi, bai san ya ƙone ba sai da ya ga fatar ta tashi. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Daso.

Ana cikin haka ɗan ƙanwarsa Laminu, wanda ke sayo kayan salula, wato wayar hannu, daga ƙasar Sin yana sayarwa a Kano, ya zo gaisuwar salla da wani ƙaramin buhu. Ya zazzage shi a kan tabarma. Saiwa ce busasshiya, an yanka ta fale-fale, bayanta ya yamutse.

"Kawu, wannan naka ne," in ji Laminu. "Su can suna kiranta shu duwan, wato mai haɗa abin da ya tsinke. Tun kakanninsu ita suke ba mai karaya da mai ciwon baya."

Manzo ya tauna guntu, ɗaci ya kama masa harshe. Ya daɗe yana juya sauran a tafin hannu.

Ya fara dafa ta yana ba majinyata su sha, yana kwaɓa garinta da man shanu yana shafawa kafin ya ɗaure. Mutum uku na farko suka warke sarai. Ƙila da ma za su warke, amma labari ya riga ya tafi. Kafin damina ana zuwa daga Mallawa da Dungas, har daga ƙetaren iyaka, ana tambayar gidan mai saiwar Sin.

Ɗiyarsa Rukaiya, wadda ke aikin jinya a Magarya, ta zo hutu ta tarar da layi a ƙofar gida. Ta ɗauki hoton rubutun da ke jikin buhun, ta wuni tana bincike a salula. Da la'asar ta same shi yana fere kara.

"Baba, saiwar nan ba ƙarya ba ce. Masana sun gwada ta a kan ɓeraye, sun ga akwai abin da ke cikinta mai taimaka wa ƙashi ya tofo. Amma gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne. Kuma ba ta miƙe ƙashi, ba ta wanke miki. Wannan aikin hannu ne."

"Hannun ai yana nan," in ji Manzo.

Ta dubi tabon ƙunar da ke yatsansa. Ya mayar da hannun cikin riga.

Bayan girbi aka kawo Ousmane, manomi mai ƴaƴa huɗu. Amalanken gero ya kife da shi, ƙafar dama ta karye ƙasan gwiwa, tsinin ƙashi fari ya leƙo ta cikin wando, ga ƙasa da ƙaiƙayi a bakin raunin. Manzo ya duba ya ce a tafi asibitin Damagaram.

Wan Ousmane, wani mai suna Mamadu, ya durƙusa. "Baba Manzo, can yankewa za su yi. Mun ji kana da saiwar da ke haɗa komai. Don Allah kada ka kore mu."

Zauren cike yake da baƙi, kowa ya zuba ido. Manzo ya dubi baƙin, ya dubi ƙafar. Sannan ya ce a kawo ruwan ɗumi.

Ya ja ƙafar, ya bi ta da yatsa, bai ji komai ba. Ya yi kamar ya ji. Ya cika raunin da garin saiwa, ya jera kara, ya ɗaure tamau. Aka kwantar da Ousmane a ɗakin baƙi da ke bayan zaure.

Kwana biyu Ousmane yana ihu. A na uku ya daina, danginsa suka yi murna, suka ce magani ya kama. Manzo bai yi murna ba. Ya lura ƙudaje sun bar kwanon fura sun koma kan tsumman. Daso ta zo kawo abinci, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ja gyale ta rufe hanci, ta dubi Manzo, ta ajiye kwanon ta juya.

A kwana na biyar da hantsi ya buɗe zanen da aka lulluɓe ƙafar da shi. Yatsun sun yi baƙi kamar an tsoma su a ruwan baba na marina. Ya tsunkuli babban.

"Ka ji?"

"Ban ji ba, Baba. Ai sauƙi ne ko?" Goshin Ousmane ya jiƙe da zufa, jikinsa zafi rau.

Manzo ya ɗauko wuƙa ya yanke ɗaurin da kansa. Abin da ya fito ya sa Mamadu ya ruga waje. Manzo ya kira Rukaiya a salula, karo na farko da ya taɓa neman ta a kan aiki.

"Ki samo mota. Na yi ɓarna."

Shi ya riƙe kan Ousmane a cinyarsa har Damagaram. A asibiti lokotoro ya tambayi wanda ya ɗaure ƙafar, Mamadu ya sunkuyar da kai, Manzo ya ce, "Ni ne." An yanke ƙafar sama da gwiwa. Ousmane ya rayu. Danginsa ba su kai ƙara ba, sun ce haka Allah ya rubuta, kuma wannan ya fi damun Manzo fiye da a ce sun zage shi. Duk damina yanzu ƴaƴan Manzo maza ke nome gonar Ousmane kafin su taɓa tasu.

Ya daina ɗori. Targaɗe kawai yake murzawa, sauran ya ce a je a ɗauki hoton ƙashi. Ragowar saiwar Daso ke dafa masa saboda ciwon baya, ya ce yana jin daɗinta. Ya aika wa Laminu kada ya sake kawowa. Laminu ya amsa da to.

Bara Manzo ya je kasuwar Mallawa sayen akuya. A bakin rumfunan magani ya ji lasifika tana kiran sunansa. Wani mutum ne da baro cike da ƙananan ledoji na garin magani, kowace da hoto a jiki. Manzo ya ɗauki ɗaya. Fuskarsa ce, da hular da ya sa ranar sallar da Laminu ya zo ya ɗauke shi hoto. Ya buɗe ya ɗanɗana garin. Ba ɗaci ko kaɗan.

Mai baron bai gane shi ba. "Sayi, tsoho. Saiwar Sin ce ta Manzo na Waca. Ba sai ka je wurin maɗori ba. Ko ƙashi ya fito waje, ka barbaɗa ka ɗaure."

"Ni ne Manzo," in ji shi. "Wannan ba tawa ba ce."

Mutumin ya yi dariya, ya ƙara murya a lasifikar. Wata mata ta raɓa ta gefen Manzo tana sauri, ta karɓi leda uku. Ta ce ɗiyarta ce ta faɗo daga kan kuka tun shekaranjiya, tana kwance a gida.