Daga Filinge zuwa Bonkuku a Bayan Moton Kumandan

Ni Arzika maƙeri ne. A shekarar da kumandan Nasara na Filinge ya samo moto mai ƙafa biyu, ni anka ɗora wa kula da notocinta, waɗannan zobban ƙarfe da ke riƙe injin da gangar jiki. Ga yadda tafiyarmu ta farko ta kasance.

Talata, Filinge

Munka tashi ƙarfe biyar saura kwata, in ji agogon kumandan. Ruwan fari ya sauka daren Litinin, kowa na gyaran iri, sai gardi Sumana, dogarin kumandan kuma tafintansa, ya bi gida gida ya tsamo mutum goma sha biyu. Huɗu na ɗauke da isansi, wato man moto, biyu da gadon kumandan da kujerarsa, shida kuma aikinsu turi. Ni anka ba jaki da kile, wato abin murɗa noti. Kumandan ya ce a faɗa mana moton nan doki ne da ba ya ci, ba ya sha, ba ya bukatar kowa. Munka dubi juna, mu goma sha uku.

Moto ta tashi da ƙara kamar aradu. Kafin ta fita gari noti ɗaya ya faɗi gaban masallaci, liman ya tsinta ya miƙo mani da bakin riga, bai yarda ya taɓa fatarsa ba.

Cikal, ƙarfe goma sha ɗaya

Tafiyar da mai jaki ke yi kafin hantsi ta ci mana awa shida. Duk inda yashi ya yi zurfi, moto ta tsaya, masu turi su tura, kumandan na zaune bisa yana duban gaba. Ina ta lura da ita, na gane cutarta: kakkarwa ce ke kwance notocin. Na yanko fatar tsohon takalmi na yi ƙananan zobba na sa ƙarƙashinsu, na shafa ƙaro a zaren ƙusa, na murɗa su bi da bi, na gaba sannan na baya, har kile ya ƙi motsi.

Kumandan ya leƙo ya yi magana. Sumana ya ce, "Ya ce ƙarfen Faransa ba ya son ƙaro."

Na ce, "Gaya mishi ƙarfen Faransa bai san hanyar Cikal ba."

Sumana ya juya ya ce da shi wata magana gajera, kumandan ya yi murmushi. Daga baya na ji ashe Sumana cewa ya yi wai na gode da ilimin da anka ƙara mani.

Maigari ya kawo kaji uku da ƙwaryar nono. Ban iya gaya muku tsadar kaza a Cikal ba, don ba wanda ya tambaya. Mu anka ba mu ruwan fura.

Laraba, Bonkuku

Daga Cikal ba abin da ya sake faɗuwa. Munka isa ƙarfe huɗu na yamma, anka sauke kumandan a rumfar baƙi, mu gindin gawo. Ya zagaya fili bisa moto sau uku gaban Buzaye, raƙuma sunka tsinke dabaibayi, ya ɗauka murna ce. Daɗi ya kama shi, ya ce tunda moto ta warke, gobe sai Yamai, daga can a kewayo ta Abala. Kwana ashirin.

Bayan la'asar Baba Tankari, babban cikin masu turi, ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Ɗana, hannunka ya yi kyau har ya kashe mu. Ƙasa jiƙe take yau. Kwana ashirin, mi za mu shibka? Toka?"

Na ce, "Baba, ubana bai koya mani ɓata aiki ba."

Ya ce, "To, in rumbu ya bushe sai ka dafa wa ɗiyanka noti."

Ya tashi ya bar ni da kile a hannu. Na daɗe ina duban gyaran da na yi wa moto. Aikina ne mafi kyau tun da na fara riƙe guduma. Sannan na durƙusa kamar mai dubawa, na mai da manyan notoci biyu na ƙasa baya, murɗi uku uku.

Alhamis, kan hanyar Yamai

Ƙarfe shida munka fita. Ƙarfe shida da minti ashirin injin ya karkace, sarƙa ta tsinke, kumandan ya sauka cikin ƙaiƙayi ba tare da ya yi niyya ba. Bai ji ciwo ba sai a hula. Ya yi faɗa da yarensa har Sumana ya ce wannan sashen ba ya fassaruwa.

Abin da ban lissafa ba shi ne komawa. Anka aro wa kumandan doki mai ci mai sha, ita kuwa moto anka ɗaure ta bisa itace biyu, munka ɗauke ta a kafaɗa. Baba Tankari na nishi a gabana, ya ce, "Arzika, da ka kwance ɗaya kawai, ko ta rage nauyi."

Asabar, Filinge

Munka shigo da azahar, kafaɗu a saluɓe. Anka sallami mutum goma sha biyu, ni anka wuce da ni gidan kaso kwana takwas saboda sakaci. Ina ciki ruwa na biyu ya sauka, na zauna ina jin ƙamshin ƙasa ta ƙarƙashin ƙofa, na ce shekarata ta tafi.

Ranar da anka sake ni ban biya gida ba, gona na nufa. Na tarar da hatsi ya tsiro layi layi tun daga bakin hanya har tudun gara. Matata ta ce mutum goma sha biyu sunka zo da sungumi ranar Lahadi, kafin su taɓa nasu.

Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa Baba Tankari da mutanensa, Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu.