Kwalbar Iya da Bikin Kirinjijiya

A gidanmu na Nguru, wutar da muke zagayewa da yamma ba ta girki ba ce. Kakata, mahaifiyar Abbanmu, wadda kowa ke kira Iya, sana'arta haɗa wa amare turaren wuta. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta sa a fito mata da kasko bakin ɗakinta. Ta narka sukari, ta zuba itacen hawi da aka faskara ƙanana, da kajiji, da farcen turare, a yi ta juyawa a kan garwashi. Ƙamshin yakan haura katanga ya bi lungu, har maƙwabta su ce yau kuma Iya ta samu amarya.

Mu biyu ne jikokinta mata da muka tasa a lokacin: ni da Yagana, 'yar Baffana da ke noman shinkafa a Gashuwa. Duk hutun makaranta ake kawo ta. Na girme ta da wata huɗu, kuma ban taɓa bari ta manta da haka ba. Amma a bakin kaskon nan girmana ba ya aiki.

"Yagana, karɓi cokali. Ke Ummi, ga mafici."

"Iya, ni ma yau zan juya."

"Ke da idonki kullum yana sama kina hira da taurari? Ki ƙona mini kayan mutane? Fifita dai, malamar boko."

Sai in zauna ina fifita, hayaƙi yana shigar mini ido, ina kallon hannun Yagana yana zagaya kasko, hannun Iya a bisa nata yana nuna mata. Wani lokaci Iya ta sunkuya ta raɗa mata wani abu a kunne, su yi dariya. Ni ce ta ɗaya a ajinmu, ni ce mai hadda, ni ce ke kwana ɗakin Iya shekara duka. Amma baƙuwar sati uku ita ke riƙe cokali. Idan hawaye ya zubo mini, sai in ce hayaƙi ne.

Iya ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Takan shaƙi ƙamshin kasko ta ce, "To, ga wata can ta biyo hayaƙi." Mu kuma mu ce, "A buɗe mata ƙofa." A cikin duk waɗanda suka biyo hayaƙin nan, ta Kirinjijiya ce ta zauna mini.

Iya ta ce a can fadamar Dagona, inda Gwaggonmu Talatu ke aure, akwai ƙawaye biyu: Dinya, babbar agwagwar ruwa, da Kirinjijiya, 'yar ƙarama mai farar fuska. Dukansu aka yi musu miji. Dinya ta bi tsuntsaye gida-gida tana tambaya, yaushe kuke da sarari? Suka ce sai ruwa ya ja baya, bado ya nuna, 'ya'ya sun yi fiffike. Ta ce to, nan ne ranata.

Kirinjijiya ta ji, kishi ya kama ta. Ta ce wato Dinya za a fara rangaɗa wa guɗa, ni in zo a baya kamar ragowar tuwo? Ba ta tambayi kowa ba, ta sa nata bikin tsakiyar damina, sannan ta tashi gayyata.

A nan Iya takan sauya murya. Ta maƙale hanci ta yi ta Balbela: "Allah ya sanya alheri, 'yar nan, amma ina kan ƙwai." Ta ja wuya ta yi ta Zalɓe: "Ayya, da na zo, amma ina kan ƙwai." Ta yi ta Gauraka da ƙasaita: "Ki gai da angon. Ina kan ƙwai." Kafin ta kai ta huɗu mun riga ta faɗa, muna dariya har Yagana ta kusa sakin cokali.

Ranar biki ta zo. Ruwa ya shanye tudun da za a zauna, bado bai nuna ba balle a yi abinci. Ba wanda ya zo sai kwaɗi, su ma don dama nan ne gidansu, suka cika wuri da kuka. Amarya ta yi kwalliya ta zauna, babu mai yi mata wanka, babu mai raka ta. Can sai ga Dinya ta keto ruwa, ta bar nata shirin. Ita ta wanke ta, ita ta goya ta har gidan miji, ita kaɗai ta yi guɗa.

"Shi ya sa har gobe," in ji Iya, "in Kirinjijiya ta tashi sama za ku ji tana fito. 'Yan biki take kira. Nan ta cinye, sai toka."

Yagana ta ce, "Allah sarki." Ni kuwa na dakata da fifita na ce, "Amma dai ita ta riga, ko Iya?"

Iya ta dube ni ta cikin hayaƙi, ta daɗe. Sannan ta yi dariya har ta yi tari.

"Ta riga, Ummi. Wallahi ta riga. Fifita, wuta za ta mutu."

Shekarar da hannunta ya fara rawa, Iya ta yi haɗinta na ƙarshe. Ta cika wata babbar kwalba, ta ɗaure bakinta da ƙyalle, ta ba Ummana ajiya. Ta ce wannan na jikar da aka fara kaiwa ɗaki ne, kada a buɗe kafin nan. Ba na jin ta faɗa da wata manufa. Amma ni na ji, na ajiye. Bayan rasuwar Iya, nakan shiga ɗakin Umma in buɗe sif don kawai in ga kwalbar. Ko ba a kwance ta ba, zannuwan da ke kusa da ita ƙamshin Iya suke yi.

Bara aka sa ranar aurena da Sadiƙu, wani malamin makaranta mai haƙuri, bayan ƙaramar Sallah. Ban gama murna ba sai ga waya daga Gashuwa: an sa ranar Yagana, farkon sanyi, bayan an gama sussukar shinkafa. Wata uku kafin tawa.

Na ce wa Yagana, "Kai, masha Allah, 'yar uwa!" Muryata ta fita daidai. Da na ajiye wayar, na je na tsaya gaban sif ɗin Umma. Na ga cokali a hannun Yagana, na ga raɗar nan a kunnenta, na ga kwalba a cikin motar kaya ta kama hanyar Gashuwa. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba.

Na samu Abba na ce ana sa ran kiranmu bautar ƙasa, gara a matso da biki kafin a tura ni wani gari. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce ta kai ni ba. Abba ya ce zai duba. Sadiƙu ya ce shi ko gobe ne. Na zaɓi wata Asabar, sati biyar kafin ta Yagana.

A danginmu ba a sa rana daga zaune. Ana tura mutum da goro ya bi gwaggonni da baffanni ɗaya bayan ɗaya, a ji lokacin da kowa ke da sarari, sannan a tsayar. An yi mini haka a karon farko. A karo na biyu ban jira ba. Kafin Abba ya gama shawara na sa an tsara kati mai ruwan zinariya, na watsa shi a waya, ƙawayena suka ɗora a shafukansu. Da Umma ta gani ta riƙe haɓa.

"Ummi, kin kuwa duba wane lokaci ne wannan a Gashuwa?"

"Umma, ai an riga an fitar. Ina za mu sa kunya?"

Lokacin yankan shinkafa ne. Wanda ya bar gonarsa kwana biyu a satin nan, tsuntsayen jan-baki da shanu sun gama masa da ita. Maza suna fadama, mata suna dafa wa masu yanka abinci, suna sheƙa. Na sani sarai. Na sha zuwa hutu na gani.

Gwaggo Asabe ce ta fara kira, babbar yayar Abba, wadda ita ke yi wa kowace amaryar gidanmu wankan lalle.

"'Yar nan, a waya zan ga ranar aurenki kamar wata bare? To Allah ya sanya alheri. Amma muna kan shinkafa."

Da yamma Gwaggo Talatu ta kira daga Dagona. "Ayya Ummi, da na zo. Muna kan shinkafa."

Sai da na zauna. Na ji muryar Iya ta maƙale hanci, na ji dariyarmu. A ranar ina da damar in je in durƙusa gaban Abba in ce a mayar da rana inda take. Na tashi da niyyar haka, na bi ta ɗakin Umma, ƙamshin sif ya tare ni. Na koma ɗakina.

Aka yi biki. Baffa da maza biyu suka zo ɗaurin aure da safe, ko abinci ba su tsaya ci ba suka juya. Tabarmin da aka shimfiɗa wa dangin Gashuwa a tsakar gida haka suka wuni, sai yaran maƙwabta ke birgima a kai. Ƙawayen makaranta sun zo, sun yi hotuna masu kyau, amma ba wadda ta san yadda ake kama amarya ko waƙar da ake yi mata. Dangin Sadiƙu suna tambaya a hankali, ina gwaggonnin amarya?

Yagana kuwa tun ranar Talata ta sauka daga mota da ƙullin lalle da jakarta, ta bar ɗinkinta wurin tela, ta bar gyaran jikinta rabi. Ita ta kwaɓa lalle, ita ta tsaya kan masu girki, ita ta lallashi wata tsohuwar maƙwabciya ta yi mini wanka. Ba ta tambaye ni dalilin matso da rana ba. Da ta tambaya, da na samu abin yin faɗa a kai.

Ranar jere da la'asar, Umma ta kawo kwalbar ɗakina. Na kwance ƙyallen. Turaren ya dunƙule ya yi tauri kamar dutse. Na ɓantaro da ƙyar na jefa a garwashi, sai ya yi baƙin hayaƙi, ƙaurin sukari ya tashi.

"Ke! Ba haka ba," in ji Yagana. "Wutar ta yi yawa. Kawo."

Ta rufe garwashin da toka, ta murje turaren a tafin hannunta har ya saki, ta barbaɗa kaɗan. Ƙamshi ya tashi. Sai ga Iya ta cika ɗakin, kamar yanzu za ta ce a buɗe mata ƙofa. Yagana ta fashe da kuka, ni ma haka. Amma ko a cikin kukan nan, Allah ya sani, wani ɓangare na zuciyata cewa yake: kwalbar tawa ce, amma hannun Yagana turaren ya sani.

Bikin Yagana ya zo bayan sati biyar. Gidan Baffa ba wurin sa ƙafa. Gwaggonni sun zo da sabuwar shinkafa da busasshen kifi, Gwaggo Asabe ta yi wanka, guɗa har titi. Na tsaya a gefe da murmushina, ina jin kowace guɗa a ƙirji. Na zo da rabin turaren Iya a cikin ƙaramar kwalba, na yi ta juya maganar da zan faɗa in na miƙa wa Yagana. Da na shiga ɗakinta, ƙamshin ya riga ni. Shi ne, ba kama ba.

"A ina kika samu?"

"Ni na haɗa mana. Har kasko uku na yi, ga naki can na ajiye." Ta dubi abin da ke hannuna. "Ummi, mayar da kayanki. Ke kika riga."

Ba da gatse ta faɗa ba. Wannan ne ya fi ciwo.

Yanzu idan ƙawa ta ce in ba ta shawarar shirin biki, ba na maganar anko ko wurin taro. Cewa nake ta tambayi mutanenta yaushe suke da sarari kafin ta buga kati, kuma ta tambayi kanta wa take kallo lokacin da take zaɓen rana. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Kirinjijiya labarin tsuntsuwar da ba ta san lokacin damina ba ne. Ashe ta sani. Duk wanda ya tashi a fadama ya san lokacin ƙwai. Hotunan bikina suna da kyau, amma ba na son wanda aka ɗauka daga bakin ƙofa, don tabarmin nan sun fito.

Kishin bai tafi duka ba, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai watan jiya na shiga mota na tafi Gashuwa, na samu Yagana bayan magariba ta ɗora kasko, tana yi wa wata amarya haɗi. Na zauna kusa da ita, na ce ta koya mini, tun daga farko, har da abin da Iya ke raɗa mata.

Ta dube ni, dariya na cin ta. Ta laluba bayanta ta miƙo mini mafici.

"Daga nan ake farawa, malamar boko."

Na karɓa. Hayaƙi ya shigar mini ido, na bar shi ya shiga.