Ƙoƙunan Mushe

A shekarar da yajin aiki ya rufe lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, malaminmu na Faransanci, wanda muke kira Mushe, ya ci gaba da tara mu a zaurensa. Tun yana saurayi yake nazarin tsofaffin littattafan zane na Turawa, waɗanda maganar kowane mutum ke cikin da'ira bisa kansa. Shi ƙoƙo yake kiran da'irar. Sai ya yanki farar takarda ya liƙe Faransancin, ya miƙo mana biro ya ce, "Ku zuba masa Hausa." Da haka na fara rubutu, na sa wani ɗan sanda mai tumbi yana zagi irin na mahautan kasuwarmu.

Da Mushe ya rasu, ranar sadakar uku, ƙanensa da ya zo daga Barmu ya buɗe akwatin littattafan, ya ga ƙoƙuna farare birjik. Ya ce a gaban jama'a, "Allah sarki, tsufa ya taɓa shi. Ko mai tsire ba zai naɗe nama da wannan ba."

Ni mace ce, ba wurina ba ne zauren maza. Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Baba, hankalinsa ya fi na duk wanda ke zaune nan." Aka ce ba ni da kunya. Na ratsa su, na ɗora akwatin a ka, na fita.

Yanzu ni ke koyarwa. Kowace shekara nakan raba wa ɗalibaina shafukan nan, kuma ban taɓa ɓare takarda ko ɗaya don in ga abin da Bature ya ce ba.