Ta Shiga, Ba Ta Shiga Ba

Na buɗi ido na tarar da gardamar nan a gidanmu kamar yadda na tarar da tukunyar tuwo. Abba yana cewa tamaular ta shiga raga, Baffa yana cewa ba ta shiga ba, alhali an buga wasan tun kafin a ɗaura auren iyayena. Baffa ba ɗan'uwan Abba ba ne na jini. Amininsa ne, Bazazzagi, injiniya, wanda suka haɗu a ɗakin cin abinci na jami'a a nan Manchester suna samari, sanyi yana ba su kashi. Hira ta kai su ga ƙwallo, sai suka gano ashe dukansu sun kalli wani wasa guda a Kano suna 'yan makaranta, ba su san juna ba. Tun daga ranar ba su rabu ba, kuma ba su taɓa yarda da juna ba.

Abin da su biyun suka amince da shi bai taka kara ya karya ba. 'Yan Zariya sun zo Kano. Ana dab da tashi, babu wanda ya ci wani. Gwanin Abba, wani gajere da ake ce wa mai hagu, ya sheƙo tamaula daga nesa, ta daki ƙarfen sama, ta faɗo ƙasa, golan Zariya, wani dogo da ake ce wa mai hula, ya cafe ta. Alƙalin wasa bai busa usur ba. Aka tashi canjaras. To, a ina tamaular ta dira kafin a cafe ta, cikin layi ko wajensa? Nan fa ake yin ta.

Idan Abba ya fara zancen mai hagu, sai ka ga furfurarsa ta koma baƙa. Wai a kan keke yake zuwa fili bayan ya tashi daga aiki, ya jingine shi a jikin katanga, ya yi la'asar a gefe, ya ɗaure gwiwarsa da tsumma, ya shiga da goro a kumatu. Wai ƙafarsa ta dama ta zuwa masallaci ce kawai, ta hagun ita ce ta aiki, kuma in ya ɗaga ta har masu sayar da rake a bakin fili sai sun bar ciniki. Baffa kuwa sai ya taɓe baki ya ce ai ba a ga komai ba in ba a ga mai hula ba. Babu safar hannu, tofa yawu yake yi a tafi ya murza. Zai yi sufa ya faɗi ya tashi, hular nan ko gezau. In ya daka wa 'yan bayansa tsawa, har a kasuwa ana ji.

"Kai da ka kalli wasa daga kan darbejiya tare da jemagu," in ji Baffa, domin a ranar Abba ba shi da kuɗin shiga, bishiya ya hau a wajen fili, "me ka gani?"

"Ai na sama shi ke ganin gari, Bazazzagi. Kai da kake leƙe ta tsakanin ƙafafun manya a bayan raga, ban da takalma me ka gani?"

Wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi ya ba su lasisin faɗa wa juna abin da ba a faɗa wa dattijo. Ban taɓa jin Abba ya kira shi da sunansa ba, ko ya ce masa Alhaji. Bazazzagi ne, ko bawana. Shi kuma Abba ɗan kan bishiya ne, ko a gaban surukai.

Ni kam na tsani gardamar nan, ba zan ɓoye ba. A unguwar Old Trafford muke zaune, dab da babban filin ƙwallo, inda ranar wasa ba ka da wurin ajiye mota a ƙofar gidanka, ihun filin kuma yana shigowa har kicin ɗin Umma. Manyan 'yan wasan duniya suna taka leda a bayan gidanmu, amma Abba bai taɓa saka ƙafarsa a filin ba. Ya ce yaran yanzu iska in ta taɓa su sai su faɗi suna birgima, shi ba zai biya kuɗi ya kalli shagwaɓa ba. Da Baffa ya koma Birmingham da aiki, na ce alhamdu lillahi, kunnena zai huta. Ashe waya na nan. Kowace Lahadi bayan la'asar sai ta yi ƙara, a gaisa a gurguje, a tambayi iyali, daga nan sai Umma ta leƙo ta ce mini, "To, an buɗe fili." Da Sallah kuma Baffa yakan taho da iyalinsa ɗakin taron da jama'armu ke haɗuwa a unguwar Moss Side, inda ƙananan likitoci da ɗalibai masu neman tsokana kan raba kansu gida biyu, su zuga tsofaffin nan har shinkafa ta huce.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, aka riƙa rufe abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin karatun da na yi ƙuruciyata a ciki aka rage masa ranaku. Ɗakin taronmu na Moss Side aka garƙame shi, Sallah ta koma kowa a falonsa. A daidai lokacin ne mantuwa ta fara cin Baffa. Da farko makulli ne da sunayen jikoki, daga baya ya fita sayen burodi ya kasa gane hanyar gida. Akwai wani wuri da ake kai tsofaffi irinsa su wuni, su yi hira, Hajiyarsa ta samu ta runtsa. Shi ma aka rufe shi. Ta ce wa Umma a waya, "Wai council, hukumar gari, ba su da kuɗi, Yaya. Carer ɗin da ake turowa ta kula da shi ma kafin ta cire kot ɗinta lokacinta ya ƙare." Baffa ya koma zaman kujera a gaban taga, daga shi sai ita.

Wata Lahadi wayar ba ta yi ƙara ba. Abba ya kira, Baffa ya ɗauka ya ce, "Wa ke magana?" Abba ya faɗi sunansa. Baffa ya ce, "To, madalla," ya miƙa wa Hajiya.

Ni ce mai tuƙi a gidan tun da idon Abba ya yi rauni, don haka ni na kai shi Birmingham. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki dabino da turare. Muna kan babbar hanya ya ce, "Ba na roƙon Allah ya mai do mini da shi yadda yake. Ya san ni kawai, ko sau ɗaya ne, kafin ɗayanmu ya tafi." Ban taɓa jin Abba ya roƙi abu da irin wannan murya ba.

Mu kuwa mun san yadda ake duba marar lafiya. Ana sassauta murya, ba a musu da shi, duk abin da ya faɗa a ce haka ne, a yi addu'a, in ciwon ya yi nisa a nemi yafiya. Haka muka tarar ana yi a gidan. Maƙwabta da abokan masallaci suna shiga suna fita, kowa yana raɗa kamar an shimfiɗa jariri. Baffa yana zaune cikin suwaita, ya rame, yana amsa kowa da ladabi irin na wanda ya sauka a garin da bai sani ba.

Abba ya durƙusa a gefen kujerarsa, da gwiwoyinsa masu ciwo, ya kama hannunsa.

"Alhaji, sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne."

"Amin, amin."

"Alhaji, zaman tare sai da saɓani. Mu yafi juna." Na san abin da zai biyo baya ya fi masa cire haƙori wuya. "Tamaular nan kuma, kai ne da gaskiya. Ba ta shiga ba."

Baffa ya dube shi da kyau, ya yi ɗan murmushi.

"Na gode, Malam. Daga ina?" Ya juya wajen Hajiya. "A kawo wa baƙo ruwa mana."

Na komo da Abba Manchester. Umma ta ce ya yi abin da ya dace, ya sauke nauyi, sauran na Allah ne. Duk wanda ya ji labarin haka ya ce. Abba dai ya daina zancen mai hagu, ranar wasa kuma sai ya rufe taga. Gidan ya yi tsit irin wanda na daɗe ina fata, na kuwa ji ba daɗi.

Da hunturu ya kama, Hajiya ta kira ta ce GP, likitansa, ya ce a sanar da 'yan'uwa. Muka sake ɗaukar hanya. An sauko wa Baffa da gado falo, ga abinci a gefe ko taɓawa bai yi ba. Abba ya gaishe shi, ya amsa masa kamar yadda ya amsa wa mai kawo magani, sai Abba ya ja gefe ya zauna da carbinsa. Ni ce na matsa na gyara masa filo. Ban san wa ya ɗauke ni ba, amma ya riƙe hannuna ya ce, "'Yata, kin san mai hula?"

Na ce ban san shi ba, Baffa.

Sai ya fara. Mutumin da ya manta sunan matarsa bai manta ko launin rigar golan nan ba. Ya kawo mini filin gaba ɗaya, ranar da ta karkata, ƙamshin soyayyiyar gyaɗa, yadda mai hula ya murza tafinsa, ƙarar ƙarfen da tamaula ta daka. Muryarsa ta ɗan tashi, sannan ta sauka.

"Ba ta shiga ba," ya ce. "Kowa ma ya yarda yanzu." Bai faɗe ta kamar wanda ya yi nasara ba. Sannan ya ƙara da cewa, "Dama shi wancan na Kanon, mai ƙafa ɗaya, ai ba ɗan wasa ba ne. Sa'a ce kawai."

Na ji carbin Abba ya tsaya. Ya iya sadaukar da tamaularsa saboda Allah da zumunci, amma a ce mai hagu ba ɗan wasa ba ne, a gabansa, wannan ta fi ƙarfinsa. Ya miƙe tsaye, ya manta da gado, ya manta da Hajiya da baƙi biyu da ke zaune.

"Ƙarya kake yi, Bazazzagi! Wallahi ta shiga! Da taku guda ta wuce layi, golan naka ya janyo ta kamar ɓarawon kaza!"

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce subhanallahi. Ni kaina na yi niyyar kama rigar Abba in zaunar da shi. Baffa ya juyo da kansa a hankali, ya ƙura masa ido, sai na ga fuskarsa tana buɗewa.

"Kai! Ɗan kan bishiya! Wa ya bar Bakano ya shigo mini gida?"

Hajiya ta rufe fuska da mayafi ta fita da sauri. Abba ya tsaya baki buɗe, hawaye yana bin gemunsa.

"Ina ka shige duk kwanakin nan?" in ji Baffa. "Kowa ya zo sai haka ne Alhaji, haka ne Alhaji. Kamar na riga na mutu. Zauna, zauna in koya maka ƙwallo."

Abba ya ja kujera har jikin gado. Suka yi ta yi, da jemagu da takalman manya da komai, babu abin da suka bari. A tsakiyar gardamar Baffa ya ce yunwa yake ji, Abba ya riƙa ba shi a baki yana cewa ci, bawana, ci ka samu ƙarfin yin ƙarya. Sai da aka kira magariba suka tsaya, kuma babu wanda ya sauka daga kan bakansa. Da za mu tafi Baffa ya ce, "Ranar Lahadi zan kira ka, ba mu gama ba."

Bai kira ba. Kafin Lahadin ta zo ya sake nitsewa, kafin hunturun ya fita muka koma Birmingham jana'iza.

Bayan an share makoki, wata Lahadi ana wasa a bayan gidanmu, na zo na tarar Abba ya buɗe taga. Yana zaune a kujerarsa bayan la'asar, waya a gefensa, ihun fili yana tashi yana sauka. Ina wanke kofuna a kicin na ji ya yi magana, ba da ƙarfi ba.

"Ta shiga dai."

Ya yi shiru irin na mai jiran amsa. Umma ta dube ni, na dube ta. A gidanmu 'ya ba ta musu da ubanta, kuma tun da nake ban taɓa saka baki a zancen nan ba. Na goge hannuna, na je na tsaya a bakin ƙofar falo.

"Abba, ba ta shiga ba."

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana kallona. Sannan ya share ido da hannun riga, ya gyara zama.

"Ke da ko haifar ki ba a yi ba? Jawo kujera."