Kanarin Baba Okeke

Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, shekarun baya ina tsaron shagon atamfa a Fagge, kuma har yau in na tuna kunya ke rufe ni.

Ni mai kiwon kanari ne, ga cika baki, wai ba tsuntsun da ban sani ba. Akwai wani tsoho Inyamuri a Sabon Gari, Baba Okeke, tela ne kafin idonsa ya mutu, yana da wani kanari da ba a cika samun irinsa ba. Namu na kasuwa ƙirjinsa rawaya ne, sai surutu tun safe kamar ɗan kamasho, shi kuwa nasa ruwan toka ne, ba kyan gani, ba ya kuka sai ya ga dama, in ya yi kuma a hankali yake ja, can ƙarshe ya sauke murya kamar ruwa na ɗiga a randa.

Da ciwo ya kai Baba asibiti ni ya ba wa amanar tsuntsun. Ni da wautata na rataye kejin a bayan shago kusa da janareta, hayaƙi ya kashe shi. Innalillahi!

Da aka dawo da Baba gida jiki ya yi tsanani, ya aiko yana son jin tsuntsunsa. Kai, ɗan Adam! Na ɗauko nawa na kasuwa na zuba a kejin, na ce ai makaho ne.

Ina shiga da hantsi ya ce, "Malam, ajiye shi nan kusa da kunnena." Na ajiye, amma na san tsuntsun yana buɗe baki asirina ya tonu.

Sai tsuntsun nan, da ni na raine shi na san iyakar abin da ya iya, ya ja wannan kukan na kanarin Baba, har saukewar ƙarshen. Tsigar jikina ta tashi.

Baba ya yi murmushi ya ce, "Wannan na kejin ba nawa ba ne. Amma nawa ya zo ya gaishe ni. Na gode, ɗana."

Na kasa ɗaga kai. Kafin la'asar Baba ya cika, tsuntsun kuma bai ƙara wannan kukan ba har ya mutu.

Jama'a, in amana ta lalace a hannunku ku faɗa tun mai ita yana ji. Ni godiya aka yi mini, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.